Jawabin Yaye Ɗaliban Fiziya: Faifan da Haske ke Fara Tasowa a Kansa

 

Ya mai girma shugaban wannan taro, ya ku shehunan malamai, ya ku iyaye maza da mata da kuka tako daga nesa da kusa, da ku 'ya'yanmu da ake yayewa yau.

Al'ada ta gudana cewa wanda aka ɗora wa nauyin jawabi a irin wannan rana yakan cika kunnuwan ɗalibai da nasiha. Amma da yake nasiha kun sha ta tun daga ɗakin uwa har zuwa zauren malam, kuma iyayenku da suka sayar da hatsi da dabbobi don ku karanta fiziya suna da haƙƙin su ji ko da ɓangare guda na abin da ma'abuta wannan fanni ke fama da shi, sai na ga ya fi dacewa in ɗauko mas'ala ɗaya in warware ta a gabanku. Mas'alar kuwa ita ce ta wani ɗan faifai da ake kira fotokatod, wanda idan haske ya sauka a kansa yakan saki ilektiron, watau ƙananan ƙwayoyin nan da gudanarsu cikin waya ita ce wutar lantarki.

A ƙasar Jamus, tun daga harabar cibiyar bincike ta DESY da ke birnin Hamburg har zuwa garin Schenefeld, akwai rami a ƙarƙashin ƙasa mai tsawon kilomita 3.4, wanda ƙasashe 12 suka haɗa dukiya da hankali suka gina, aka buɗe shi ranar 1 ga Satumba, 2017, da sunan European XFEL. A cikinsa ake kora ilektiron ta tsakiyar ɗaruruwan bututun ƙarfen niyobiyom da aka sanyaya har digiri 271 ƙasa da sifili, sai sun ɗauki kuzarin bolt biliyan 17.5, sa'an nan a shigar da su tsakanin dogon jerin maganaɗisu da ke tilasta musu karkatawa dama da hagu. Wannan karkatawa ita ke sa su fitar da hasken eksire, hasken kuma ya juyo ya jera su sahu-sahu, har su riƙa haskawa da baki ɗaya, a sami walƙiya 27,000 cikin daƙiƙa guda, kowace ɗaya gajeruwa ce ainun, mai iya nuna mazaunin ƙwayoyin zarra a cikin abu. Irin wannan na'ura ita ake kira lezar sakakkun ilektiron, wadda John Madey ya shimfiɗa ƙa'idarta a jami'ar Stanford a 1971, shi da abokan aikinsa suka kunna ta farko a 1977.

To, abin da nake so ku riƙe shi ne, duk wannan gini mai ban al'ajabi, da sanyinsa da maganaɗisunsa da kuɗin da ya ci, hukuncinsa a hannun wani ɗigo yake, wanda faɗinsa bai wuce milimita 5 ba, kaurinsa kuwa 'yan gomiyoyin nanomita ne, a bangon baya na wani ɗan ƙoƙon tagulla da masu aikin ke kira bindiga. Dalili kuwa shi ne, ilektiron ba sa barin faifan nan a miƙe. Kowanne yakan fito da 'yar karkatarsa. Ku ɗauka garken shanu ne aka buɗe wa ƙofar shinge da asuba: makiyayi yana iya matse su wuri guda, amma sai hargitsinsu ya ƙaru, yana kuma iya barin su su lafa su fuskanci gabas, amma sai sun bazu a fili, ba ya samun biyun tare fiye da yadda halin garken ya ba shi tun daga ƙofa. Faɗin tawagar ilektiron idan aka auna shi tare da karkatarta, shi masana ke kira emitans, kuma akwai hukunci tabbatacce, wanda asalinsa ke komawa ga malamin lissafi na Faransa Joseph Liouville, cewa maganaɗisun da ke gaba ba sa rage shi a irin wannan miƙaƙƙiyar na'ura. Iyakacin ƙoƙarin injiniya shi ne kada ya ƙara ɓata abin da faifan ya haifa. Idan kuwa emitans ya yi yawa, ilektiron ba za su jeru ba, walƙiyar ba za ta tashi ba, ramin nan duka ya zama aikin banza.

Asalin ilimin tsoho ne. Heinrich Hertz ya lura a 1887 cewa hasken da ya wuce shuɗi, wanda ido ba ya gani, yana sauƙaƙa tashin tartsatsi daga ƙarfe. Albert Einstein ya bayyana dalilin haka a 1905, cewa haske ƙwaya-ƙwaya yake zuwa, kowace ƙwaya da gwargwadon kuzarinta, kuma ba ta fitar da ilektiron sai kuzarin ya kai kuɗin fansar da ƙarfen ke nema. A kan wannan bayani ne aka ba shi lambar Nobel ta 1921. Amma sai a tsakiyar shekarun 1980, a Los Alamos ta Amurka, John Fraser da Richard Sheffield suka dasa irin wannan faifai a cikin ƙoƙon da igiyar rediyo mai ƙarfi ke kaɗawa, domin da zarar ilektiron sun fito a fizge su da gaggawa, tun kafin ƙiyayyar da ke tsakaninsu ta tarwatsa su, da yake dukkansu caji iri ɗaya suke ɗauke da shi. Bruce Carlsten ya biyo baya a 1989 da dabarar gyara wani kaso na wannan tarwatsewa da maganaɗisu mai zobe.

Sa'an nan sai saɓani ya shiga tsakanin malamai a kan abin da za a yi faifan da shi, kuma saɓani ne mai albarka. Mutanen Stanford, da suka kunna na'urarsu ta LCLS a watan Afrilu na 2009, wadda ita ce ta fara ba da eksire mai tsanani ta wannan hanya, tagulla zalla suka zaɓa, saboda juriyarta. Sai dai rowa gare ta, domin sai an jefa mata dubun dubatan ƙwayoyin haske kafin ta saki ilektiron guda. Wannan ya wadatar ga na'ura mai walƙiya 120 a daƙiƙa, amma ba zai ɗauki nauyin 27,000 ba. Mutanen Hamburg sai suka koma ga haɗin siziyom da teluriyom, wanda sabonsa kan ba da ilektiron ɗaya a kan kowace ƙwayar haske 10 ko kusa da haka. Su kuwa mutanen Japan, a na'urarsu ta SACLA da ta haska a 2011, suka bar mazhabar haske gaba ɗaya, suka ɗauki wani dutsen haɗi na seriyom da boron suna gasa shi har ya saki ilektiron don zafi, kuma aikinsu ya yi kyau. Ina ambaton wannan ne don kada wani cikinku ya zaci hanyar da aka koya masa ita kaɗai ke kai mutum gari.

Yadda ake haɗa faifan Hamburg abin a tsaya a duba ne. A ɗakin bincike na LASA da ke kusa da Milan ta Italiya, inda aka daɗe ana wannan sana'a, akan goge ɗan toshen ƙarfen molibdinom har ya zama madubi, a sa shi a tukunyar da aka zuƙe iskarta ƙarƙaf, a ɗumama shi zuwa digiri 120, a turara masa teluriyom kaurin nanomita 10, sa'an nan a bi shi da tururin siziyom a hankali, alhali ana haska shi da fitila ana duban yawan lantarkin da yake bayarwa. Idan ya hau ya kai ƙololuwa sai a rufe, domin ƙari kaɗan ɓarna ne. Daga wannan sa'a faifan ba ya sake haɗuwa da iskar duniya har ƙarshen aikinsa, saboda ɗan burbushin iskar shaƙa ko laimar ruwa ya isa ya kashe shi. A cikin akwatin ƙarfe marar iska, mai famfonsa da batirinsa, ake ɗaukarsa a mota a ƙetare duwatsun Alps. Da irin wannan ihtiyaɗi ne aka sami faifan da ya yi aiki fiye da kwana 1,000 a Hamburg ba a sauya shi ba, alhali a farkon zamanin sana'ar kwanaki ko makonni ake ƙirgawa.

Yanzu na iso ga awo, wanda a ganina nan ne martabar fannin take. Abu uku ake tambayar kowane faifai: nawa yake bayarwa, yaya natsuwar abin da yake bayarwa, kuma har yaushe zai jure. Na farko da na uku ba su da wuyar ganewa. Na biyun shi ne mai wahala, domin akwai gaba tsakaninsa da na farko: duk kuzarin da ƙwayar haske ta zo da shi fiye da kuɗin fansa, ilektiron yakan fita da rarar, rarar kuma ita ce karkata. David Dowell da John Schmerge sun nuna a 2009 cewa a ƙarfe kuzarin karkatar kusan sulusin wannan rara ne, alhali yawan abin da ake samu yana hawa ne da rarar ninki a kan ninki. Ma'ana, idan ka rage rarar don ka sami natsuwa, sai amfanin ya zube warwas. Ko da an rage ta ƙurmus, zafin ɗaki kansa yana barin saura na kimanin milibolt 25, shi ya sa wasu masana a Amurka suka sanyaya tagulla mai tsabtar fuska ƙwarai, suka ba da rahoto a 2020 cewa sun sauko zuwa 5. Kuma ko tudu da kwarin da bai wuce 'yan nanomita ba a fuskar faifai yana lanƙwasa ƙarfin lantarkin da ke fizgar ilektiron, ya ƙara musu karkata.

Domin wannan awo ne DESY ta keɓe wuri sukutum a garin Zeuthen, kusa da Berlin, mai suna PITZ, wanda ya fitar da ilektiron ɗinsa na farko a 2002, kuma babban aikinsa shi ne gwada bindiga da faifanta kafin a kai su Hamburg. Akan tare tawagar ilektiron da allon ƙarfen tangistin mai tsaga siririya, faɗin mikiromita 10, a bar 'yan kaɗan su wuce su faɗa kan wani allo mai ƙyalli a can gaba, a ɗauki hoton yadda suka bazu, a matsar da tsagar a sake, haka har a ratsa tawagar duka. An shar'anta wa na'urar Hamburg cewa tawaga mai ilektiron sama da biliyan 6 kada emitans ɗinta ya wuce 0.9 a ma'aunin masu fannin, kuma a Zeuthen aka tabbatar da cewa ana iya sauka ƙasa da haka tun ramin bai kammalu ba. A nan fa amana ke shigowa, domin gefen hoton dishi-dishi yake, kuma mai awo shi ke yanke inda haske ya ƙare, inda hayaniyar kyamara ta fara. Wanda ya datse gefen da yawa zai fito da adadi mai daɗin ji, a yaba masa a taro, amma maganaɗisun da ke gaba ba sa karanta rahoto, abin da ya iso gare su da shi suke aiki. Saboda haka nake ganin adadin da aka faɗa ba tare da bayanin yadda aka same shi ba, da kason da aka zubar, da iyakar kuskurensa, daidai yake da ruwayar da ba ta da isnadi.

La'alla wani dattijo a nan zai ce, mene ne ruwanmu da ramin Jamus? Amsa ita ce, sabon tsarin halitta na farko da aka warware da irin wannan haske na ƙwayar cutar barci ne, wadda ƙudan tsando ke yaɗawa, 'yar uwar mai kawo sammore ga shanu, cutar da saboda ita aka kafa cibiyar bincike a Kaduna tun zamanin Turawa. A 2012 masana daga Jamus da abokansu suka bayyana siffar wani sinadarin jikin wannan ƙwaya mai suna katefsin B, bayan sun harba walƙiyar LCLS a kan ƙananan lu'ulu'unsa da aka raina a cikin ƙwayoyin jikin ƙwari. Walƙiyar takan ƙone kowanne, amma saboda gajartarta hoton yakan riga ƙunar fita. Sanin siffa bai zama magani ba tukuna, kuma ba na so ku fita nan kuna cewa na faɗi haka. Amma mai neman abin da zai toshe wannan sinadari yanzu ya san ƙirar ƙofar da yake nufa.

Har yau nahiyar Afirka ba ta da babbar na'urar haske ko ta zobe, irin SESAME da aka buɗe a Jodan a 2017, ko da yake masananmu sun zauna a kan batun a Grenoble a 2015, suka sake zama a Accra a 2019. Ra'ayina shi ne ba sai an haƙa rami kafin a shiga wannan fanni ba. A cibiyar Daresbury ta Ingila akwai na'urar da ake kira TESS, wadda ɗaki guda ya ishe ta: akan haska faifai da haske mai rauni, a bar ilektiron su yi tafiyar 'yan santimita da ƙaramin bolt, a auna faɗin ɗigon da suka yi, daga nan a lissafa karkatarsu. Buƙatar kuma ƙaruwa take, tun da LCLS-II, wadda ta haska a 2023, an gina ta ne don ta kai walƙiya miliyan 1 a daƙiƙa, masu bincike kuma suna ta fama da haɗin antimoni da fotasiyom da siziyom, wanda koren haske ya ishe shi, amma ya fi na teluriyom saurin mutuwa. Abin da aikin ke nema shi ne tukunya marar iska, da wutar da ba ta yankewa, da mutumin da zai maimaita awo ɗaya har ya gamsu. Biyun farko nauyin hukuma ne, kuma ina faɗa a gaban shugabanni da ladabi cewa famfon zuƙe iska ba ya jiran a gyara janareta.

Ya mai girma shugaba, malamai sun shaida cewa waɗannan ɗalibai sun cika sharuɗɗan da aka gindaya musu, saboda haka ina roƙon a ba magatakarda izini ya kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya, a miƙa wa kowa ijazarsa.