Farar Ƙasa da Duwatsun Kazaure

Zancenmu na yau a kan abin da ku ke takawa ne kowace safiya in za ku gona.

Wanda ya taso daga Kano ya bi hanyar Daura, in ya wuce Dambatta ya doshi Kazaure, sai ya ga ƙasa ta sake. Tuddai da duwatsu su tare masa gaba, su miƙa yamma wajen Roni da Gwiwa. In kuwa ya karkata ya nufi Babura, sai duwatsu su yi ta raguwa, rairayi ya yi ta ƙaruwa. Masana sun ce duwatsun nan tsofaffi ne ƙwarai, a wajen gabas sun nutse ne, rairayi da laka na kwarin Chadi suka rufe su. Manomi ya kan yi tsaki in garmarsa ta ci karo da dutse. To, a cikin abin da ya ke wa tsakin nan akwai tsakuwar yin hanya, da marmara ta gini, da farin dutsen ƙanƙara irin wanda a ke narka garinsa a yi gilashi.

Amma wadda na fi so mu tsaya a kanta ita ce farar ƙasa, wadda a ke samu wajen Roni da Kazaure, da kuma Ƙanƙara ta jihar Katsina. Asalinta dutse ne. Ruwa ya yi ta ratsa shi shekaru aru-aru har ya ruɓe, ya zama gari mai laushi. Mu abin da muka sani a shafe ɗaki da ita, shi ke nan. Mutanen Sin kuwa tun dā da ita su ke yin tangaran, har sunan da Turawa ke kiranta da shi ma daga wani tudu na ƙasar Sin suka aro shi. Watau kwanukan tangaran ɗin nan da a ke jerawa a ɗakin amarya, 'yan'uwan ƙasar bayan garinku ne. Ana sa ta kuma a fenti, da takarda, har da wani maganin zawo.

Ga inda asara ta ke. In an haƙo ta an loda a mota haka nan, da yashinta da dattinta, araha ce. In kuwa an dama ta da ruwa a kwarmi, yashi ya kwanta, an tsiyaye farin ruwan a wani kwarmi dabam, ya kwanta, an shanya, an niƙa, an ɗura a buhu, kuɗinta ya tashi. Kun fi ni sanin wannan. Wa ya fi riba, mai sayar da gyaɗa da ɓawonta, ko matar da ta matse mai ta toya ƙuli-ƙuli? Dutsen Kalambaina ta Sakkwato ma bai zama arziki ba sai da aka kafa masa masaƙa ta siminti a gindinsa, ta fara aiki a 1967.

Yanzu sai zancen doka. Bisa dokar ma'adinai ta 2007 ba a ce gonarka ba taka ba ce, amma abin da ke ƙarƙashinta na Gwamnatin Tarayya ne. Mai son haƙa sai ya nemi lasin daga ofishin ma'adinai na Abuja. Sai dai dokar ta ce ya nemi yardar mai ƙasa, ya biya diyyar amfanin gona da itatuwan da ya ɓata. In babban haƙa ne, ya yi yarjejeniya a rubuce da mutanen gari kan abin da zai yi musu, ya kuma gyara wurin in ya gama. 'Yan ƙasa ma suna iya haɗa kai su yi jam'iyya, su nemi lasin ƙaramin haƙa da sunansu.

Na taɓa yin tafinta tsakanin wani dattijo da waɗansu baƙi. Tun kafin a kira ni ya riga ya dangwala yatsa a takardarsu. Shi a zatonsa rani ɗaya ya ba su. Da na karanta masa, ashe shekara biyar ce, ba kuwa zancen cike rami ko a layi ɗaya. Ya yi shiru, can ya ce, “Malam, sake karantawa.” Na sake. Ramin nan ya kan cika da ruwa da damina, akuyarsa biyu suka faɗa ciki. Ku da kuka fara haɗa baƙi, ku nemi abu uku a takarda: tsawon lokaci, da iyakar wuri, da wanda zai cike rami. In ba ku gan su ba, a ajiye alƙalami tukuna, a tafi gaban dagaci.

Duwatsu masu daraja irin na zobe da zinariya, ba zan daɗe a kansu ba, don sun cika ruɗin mutane. Ku tuna dai da Zamfara a 2010. Mutanen wajen Anka da Bukkuyum suka riƙa niƙa dutsen zinariya a cikin gida, ashe da dalma a ciki, ƙurar ta kashe yara fiye da 400. Kada a daka dutsen da ba a sani ba a turmin gida.

Wanda ya ga wata ƙasa ko wani dutse da ya ba shi mamaki, ya ɗebi kamar cikin tafi biyu, ya ƙulle a tsumma mai tsabta. Ya rubuta sunan wurin, da zurfin da ya haƙa, da ranar, ya liƙa a jiki. Hukumar binciken ƙasa, wadda aka kafa tun 1919, tana da ɗakin gwaji a Kaduna, can a ke auna irin waɗannan a faɗi ko mene ne.