Jawabi a kan Kaka, da Abin da Ya Kamata Mutum Ya Zuba a Rumbunsa

  

An ce in tashi in yi magana a majalisin nan na Ƙauyen Alu, ni kuwa ba ni da zurfin karatun da zan tsaya da shi gaban waɗanda suka fi ni. Abin da na ɗara yawancinku da shi shekaru ne kawai, saboda haka a kansu zan yi magana, da abin da suka koya mini bayan na sha wuya.

Ga shi kaka ta shigo. Ruwa ya ɗauke, raɓa tana sauka da asuba, an yanke gero tun watan Satumba, ana cirar gyaɗa, ana roron wake, dawa kuwa tana jiran Nuwamba. Mu nan sunan ƙauye kaɗai ya rage mana, gama gari ya cinye gonaki, gini ya haɗe tun daga Gyadi-Gyadi har Unguwa Uku da Hotoro, Ƙauyen Alu ya zama mazaɓa ɗaya cikin goma na ƙaramar hukumar Tarauni. Yaranmu ba su san kaka a gona ba, sai a kasuwa suke gane ta: in sun ga dafaffiyar gyaɗa a faranti, da rake jingine a bango, da motoci suna sauke sabon hatsi a Dawanau.

Ku duba, da kalma ɗaya Bahaushe ya kira lokacin girbi da wanda ya haifi ubanka. Ni yanzu duka biyun sun haɗu a kaina. Jikoki sun kewaye ni, kuma abin da na shuka ina saurayi shi nake girba yau a gwiwa da ido da baya. Manomi ya san kaka lokacin ajiya ce, wanda ya yi sakaci da rumbunsa a cikinta shi ne mai cin bashi da bazara. To, lafiya ma tana da rumbu, ni kuwa na daɗe ban san abin da ake zubawa ciki ba.

A kakar shekarar 2021 uwargidana ta kwanta da zazzaɓi. Shekara arba'in da ɗoriya muna tare, ban taɓa jin ta ce wayyo ba, ko a kan gwiwa. Ran nan da safe ina shirin fita karatu sai ta ce, “Malam, jikina ba daɗi.” Ko tsayawa ban yi ba, na ce, “Zazzaɓin kaka ne, kowa ma yana yi, zai wuce.” Ba ta sake tayar da maganar ba. Kwana uku tana rawar ɗari a ɗaki, matan gida suna jiƙa mata saiwoyi, ba wadda ta iya tarar fuskata ta ce a kai ta asibiti. A dare na huɗu ta daina gane mutane, tana kiran surukarta da sunan yayarta da ta rasu tuntuni. Nan gwiwata ta yi sanyi. Muka ɗauke ta a adaidaita sahu cikin dare, aka soki ɗan yatsanta aka ɗiga jinin a kan wani ɗan abin gwaji, kafin minti 20 aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, ya yi tsanani, jininta kuma ya yi ƙasa. Likitan yaro ne, sa'an babban jikana. Ya ce, “Baba, kwana nawa ke nan?” Na ce uku. Bai ce mini kome ba, ya sunkuya yana rubutu, shirun nan kuwa ya fi mini bulala zafi.

Ba ni da uzurin nisa. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana nan bakin titin Zariya, an kafa shi tun 1988, ƙananan asibitoci kuma ga su a unguwanni. Ba ni da uzurin jahilci, gama tun 1897 wani likita Bature, Ronald Ross, ya gano a ƙasar Indiya sauro ne ke ɗauke da ƙwayar cutar nan. Macen sauro ita ke cizo da dare, tana zuba ƙwai a ruwa kwantacce, cikin kamar kwana goma ya zama sauro mai tashi. Shi ya sa ciwon ke yawaita ƙarshen damina da farkon kaka, sa'ad da kududdufai da kwatoci da tsofaffin tayoyi suke cike da ruwa. Wajen rubu'in masu kamuwa da shi a duniya duka a Nijeriya suke, kuma yara ƙanana da masu ciki ya fi kayarwa. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shawarar a riƙa ba yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 maganin rigakafi wata-wata cikin damina a ƙasashe irin namu, shi ne kuke ganin ma'aikata suna bi gida-gida da shi. Kada ku kore su. Wanda gwaji ya nuna yana da cutar kuwa, maganin kwana uku ne, a sha shi duka ko da jiki ya yi sauƙi tun rana ta biyu.

Kwana biyar ta yi a gadon asibiti, ni kuwa ina zaune a benci ina tunani. Mu Hausawa kunya ta hana mu faɗin ƙauna da baki. Mace ba ta kama sunan mijinta, miji ba ya yabon matarsa gaban mutane, ni ban ga laifin wannan ba. Amma in baki ya yi shiru, lalle ne hannu da ƙafa su yi magana. Ƙaunar dattijo ita ce ya ɗaura gidan sauro da kansa ya duba ko ya yage, ya tsaya in an ce masa jiki ba daɗi, ya tambaya an ci abinci ko ba a ci ba. Ni kuwa na ba ta ci da sha da sutura shekara arba'in, ina tsammani na gama biyan hakki, ashe sauraro ɗaya na hana ta ya kusa zama ajalinta.

Da aka sallame ta ba ta son cin kome. Wata safiya na ce yau ni zan dama mata kunu, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Na zuba gasara na kwarara tafasasshen ruwa, na yi ta juyawa, abu ya ɗaure ya yi gudaji har ludayi ya tsaya a tsakiya ƙyam. Na kai mata haka nan. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, “Malam, wannan da miya ake ci, ko da haƙuri?” Wata 'yar jikata da nake kira amarya tana bakin ƙofa, ta ce, “Mijina bai iya kunu ba, na fasa auren.” Uwargida ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, matan gida suka leƙo, suka ga ni ma ina yi, sai gida ya ɗauka baki ɗaya. Ta cinye shi tas, shi ne abinci na fari da ta gama tun kwanciyarta.

A nan na gane abin da ya sa na tashi yau. Dā ina zaton kwarjinin malami a ɗaure fuska yake. In na yi gyaran murya a zaure yara su watse, mata su yi tsit, ni kuwa in ji daɗi in ce gidana da ladabi. Ashe gidan da ba a dariya da maigida, ba a gaya masa ciwo da wuri. Haka makaranta. Almajirin da ke tsoron fuskar malaminsa zai ɓoye zazzaɓi ya rungume allo yana kakkarwa, har sai ya faɗi. Iyayensa suna can nesa, sun ba ka amana, ba shi da wanda zai gaya wa sai kai. In ka saba yi masa raha, ranar da kansa ya fara ciwo zai zo da ƙafarsa ya faɗa maka, a yi gwaji, a sha magani, ya koma karatu.

Magabatanmu sun san wannan, shi ya sa suka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, suka kuma gina wa dariya hanyoyi a cikin zumunci. Ga wasan kaka da jika, ga na taubasai da kuɗin sharar da ake biya a watan Muharram, ga na Kanawa da Zazzagawa, da Fulani da Barebari, da Gobirawa da Yarabawa. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wasan barkwancin mutanen Nijar cikin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. A Amurka kuma, jami'ar Harvard ta fara bin rayuwar waɗansu samari tun 1938, daga baya adadinsu ya kai 724, aka bi su har tsufa, sai aka tarar waɗanda suke zaman daɗi da iyalinsu da abokansu sun fi lafiya da tsawon kwana. Amma fa ku ji ni da kyau: dariya ba ta kashe ƙwayar cuta, magani ke kashe ta da iznin Allah. Kuma raha dabam, ba'a dabam. Dariyar da za ta sa yaro ya sunkuyar da kai don an muzanta shi, wannan ita ma ciwo ce.

Saura abin da za mu tanada kafin hunturu ya sauko da ƙurarsa, wadda iska ke kwasowa daga hamada, da yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi.

Na fari, gyaɗa da masara su bushe sarai kafin a ɗure su a buhu, a kuma ɗaga buhun daga ƙasa. Hunhunar da ke kama su in da danshi tana da dafi mai lalata hanta, dafuwa kuwa ba ta kawar da shi. An gano shi bayan talo-talo wajen 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda abincin da aka haɗa musu da gyaɗa mai hunhuna. Ƙwayar da ta yi baƙi ko ta yi ɗaci, a zubar, kada a ba yara don rowa.

Na biyu, ku tsarana, ku je a auna jininku. Hawan jini ba ya sallama, mutum yana jin kansa garau alhali ma'auni ya wuce 140 bisa 90. A rage gishiri da ɗunƙulen miya, gama abin da aka yarda wa babba a yini bai kai gram 5 ba, watau ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya. A taka ƙasa kamar rabin sa'a kullum. Ni yanzu bayan la'asar nakan taka har kasuwar Tarauni in komo, ina gaisawa da mutane a hanya.

Na uku, malamai ku duba makwancin almajiranku tun yanzu. A nemi bargo da tabarma, a nemi man shafawa don kaushi da faso, kada a kwana da garwashi a ɗaki rufe, gama hayaƙinsa yana kisa ba a ji ba.

Uwargida tana nan da ranta, alhamdu lillahi, har yanzu in baƙi sun zo sai ta ba su labarin kunun Malam, ni kuwa na daina hana ta. Kowannenku in ya koma gida yau, ya saki fuska tun daga zaure, ya tambayi mutanen gidansa ɗaya ɗaya yaya jiki, sa'an nan ya tsaya ya ji amsa.

Allah ya sa albarka a kakar bana, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ji ƙan waɗanda suka riga mu. Abin da na yi kuskure ciki malamai su gyara mini. Haza wassalam.