Ciwon Malami Amana Ce: Rufin Asiri a Lokacin Hutun Jinya

Jawabin da sakataren walwala na reshe ya gabatar a taron mambobi. Mun buga shi cikakke domin waɗanda ba su samu halarta ba da kuma iyalanmu.



An ba ni 'yan mintuna in yi magana a kan wani al'amari da ba kasafai yake shigowa taronmu ba. Mun saba tattauna albashi da ƙarin girma da haƙƙin 'yan fansho, kuma hakan ya dace. Amma akwai wani haƙƙi da mu da kanmu muke danne wa juna, ba tare da sa hannun gwamnati ba. Shi ne haƙƙin malamin da ya kwanta jinya na a bar masa ciwonsa tsakaninsa da likitansa.

Kowa a nan ya san yadda abin yake faruwa. Malama ba ta zo ranar Litinin ba. Ranar Talata ƙaninta ya kawo takardar asibiti, ya tarar shugaba ya tafi ofishin ilimi, sai ya miƙa wa wanda ya gani a bakin ƙofa. Takardar ta kwana a kan tebur a buɗe. Kafin a fita tara ranar Laraba ɗakin malamai ya san sunan cutar, kafin a tashi masu sayar da abinci sun sani, kafin Juma'a labari ya isa gidan surukanta, an ƙara masa gishiri. Babu wanda ya yi niyyar cutar da ita. Kowa cewa ya yi "Allah sarki", ya gaya wa na kusa da shi don a taya ta da addu'a. Sai dai magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Wani zai ce, to mene ne a ciki, ai ciwo ba laifi ba ne. Gaskiya ne ba laifi ba ne, amma har yau akwai cututtukan da jama'armu ke ƙyama saboda rashin sani. Akwai masu gudun mai farfaɗiya don sun ɗauka yawunsa na yaɗa ta, alhali ba a ɗaukar farfaɗiya daga jikin kowa. Akwai masu janye kwanonsu daga mai cuta mai karya garkuwar jiki, alhali ba ta bin cin abinci tare ko musabaha ko aron alli. Malamin da ya je ganin likitan ƙwaƙwalwa saboda damuwa ta hana shi barci, in maganar ta kai kunnen ɗalibai, laƙabin da za su sa masa sai ya bi shi har ritaya. Malamar da ta yi ɓari tana bukatar natsuwa, ba ta bukatar tambayar na nawa ke nan. Wani lokaci ma abin yakan wuce malamin ya shafi 'ya'yansa, a zo neman auren 'yarsa a fasa saboda wata magana da ta samo asali daga ɗakin malamai.

Babbar illar kuwa tana kan waɗanda suke kallo. Malamin da ya ga yadda aka yi da abokin aikinsa, ran da tasa ta zo ba zai je asibiti ba. Zai tsaya kemis ya sayi maganin ciwon kai, ya shiga aji yana jan ƙafa, ko ya ƙirƙiro wani uzuri na ƙarya don kada ya kawo takarda. Haka hawan jini ke zama shanyewar ɓarin jiki, haka ciwon suga ke kai mutum ga rasa ƙafa. Surutun da muke ɗauka ƙarami yana korar 'yan'uwanmu daga magani.

Yanzu mu duba abin da hukuma take da ikon sani. Mu ma'aikatan gwamnati ne, ƙa'idojin aiki sun ɗora wa wanda rashin lafiya ya hana shi zuwa aiki ya sanar da shugabansa da wuri, ya kuma kawo takardar likita. Wannan wajibi ne, ƙungiya ba za ta kare wanda ya ɓace ba labari ba. Amma abin da makaranta take bukata daga takardar abu uku ne: cewa likita ya duba mai ita ya ga ba zai iya aiki ba, kwana nawa aka ba shi, da ranar da zai dawo ko ya koma asibiti. Da waɗannan shugaba zai gyara jadawalin darussa, ya sa wanda zai riƙe aji, ya sanar da ofishin Sakataren Ilimi. Sunan cuta ba ya ƙara masa komai a wannan aiki. Idan jinya ta yi tsawo har hukuma ta so tabbatar da ko malami zai iya ci gaba da aiki, akwai hanyar da aka tanada, wato kwamitin likitoci. Likitoci ne suke duba bayanin ciwo, su ba hukuma shawara. Ba aikin akawu ba ne, ba kuma aikin mataimakin shugaba ba ne.

Doka ma tana bayan mai jinya. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa kariyar sirrinsa da na gidansa da wasiƙunsa da maganganunsa na waya. Sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya mayar da duk bayanin majinyaci, ciwonsa da maganinsa da kwanciyarsa a asibiti, ya zama sirri, ba a bayyana shi sai a wasu halaye ƙididdigaggu, kamar izininsa a rubuce, ko umarnin kotu, ko kuma in ɓoyewar za ta jefa lafiyar jama'a cikin babban haɗari. A 2014 ɗin dai aka yi dokar hana wariya ga masu cuta mai karya garkuwar jiki, wadda ta haramta sa gwajin cutar ya zama sharaɗin ɗaukar aiki, ta kuma hana wanda ya san matsayin mutum a bakin aikinsa ya faɗa ba da izininsa ba. A watan Janairun 2023 aka sa hannu kan dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. A watan Yunin shekarar kuma aka sa hannu kan Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta sa bayanin lafiyar mutum cikin rukunin bayanai masu tsananin sirri, ta kuma kafa hukumar da ake kai wa ƙorafi. Duk ofishin da ke ajiye fayil ɗin ma'aikata yana riƙe da irin wannan amana.

Ta ina sirrin ke zuba? Ƙofa huɗu na gani.

Ta farko takarda ce. In za ka karɓi takardar hutu, ka roƙi likita ya rubuta abin da makaranta ke bukata kawai. Sakamakon gwaji da hoton ƙirji da katin asibiti naka ne, ka bar su a gida. Ka sa takardar a ambulan, ka manne, ka rubuta sunan shugaba, ka riƙe kwafi a wurinka. Ku kuma shugabanninmu, muna roƙo da girmamawa, ku karɓa da hannunku, ku kulle a aljihun tebur. A rajistar zuwa aiki "hutun jinya" ya wadatar.

Ta biyu waya ce. Zauren WhatsApp na makaranta ya taimaka mana matuƙa, amma shi ne ya fi kowace ƙofa faɗi. Ana ɗaukar hoton malami a kan gadon asibiti da ƙarin ruwa a hannunsa, a haɗa da takardar gwaji da lambar asusu, a ce a taimaka. Niyyar kyakkyawa ce, sai dai saƙon da ya shiga waya arba'in babu mai iya dawo da shi. In za a yi karo-karo, a fara tambayar mai ciwon ko iyalinsa: kun yarda a yi, kuma me kuka yarda a faɗa? "Ɗan'uwanmu yana jinya, yana bukatar gudummawa" ta isa ta buɗe aljihun mai niyya.

Ta uku dubiya ce. Kada wani ya fahimce ni da cewa a daina dubiya. Zumunta a ƙafa take, kuma Musulminmu da Kiristanmu duk an hore mu da ziyartar mara lafiya. Amma ku lura da hikimar iyayenmu cikin gaisuwar da suka bar mana. Mai dubiya yakan ce, "Sannu, ya jiki?" Mai jinya ya ce, "Da sauƙi." A ce, "Allah ya ƙara sauƙi." Gaisuwa ta cika ba a ambaci sunan ciwo ba. Abin da ya shigo mana daga baya shi ne ɗaga katin da ke gefen gado, da juya kwalbar magani a karanta, da tare ma'aikaciyar jinya a baranda don ita ƙanwar wance ce. Wannan ya fita daga dubiya ya koma bincike.

Ta huɗu gida ce, shi ya sa nake so wannan magana ta isa ga iyalanmu. Uwargida, maigida, 'ya'yanmu, in abokan aiki sun zo gaisuwa ko sun bugo waya, ba rashin kirki ba ne ku ce, "Yana samun sauƙi, likita ya ce ya huta, mun gode." Ku zauna da mai ciwon ku tsayar da wanda za a gaya wa da wanda ba za a gaya wa ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Na san akwai tambayoyi biyu a zukatan wasu. Ta farko: in cutar mai yaɗuwa ce fa, ga yara cike da aji? Tambaya ce mai nauyi. Ɗauki tarin fuka, wanda ke bin iska. Maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, ana shan sa wata shida ga wanda nasa bai bijire wa magani ba, kuma haɗarin yaɗa shi yana raguwa ƙwarai bayan makonnin farko na shan magani yadda ya kamata. Likita ne zai faɗi ranar da malami zai koma aji, jami'an lafiya ne kuma ke bin waɗanda suka yi cuɗanya da shi don a gwada su. Kariyar yara tana cikin malamin ya je asibiti da wuri, ba zai kuwa je da wuri ba matuƙar yana tsoron a yi shela da shi. Ta biyu: masu fakewa da ciwo su tafi harkokinsu fa? In shugaba yana shakkar takarda, yana da damar neman asibitin ya tabbatar da cewa daga wurinsa ta fito. Tabbatar da hatimi daban, tono ciwo daban.

Sai kuma nasiha ga mai ciwon kansa. Rufin asirin da muke magana a kai na abokan aiki ne, ba na likita ba. Kada ka ɓoye wa likita komai. Kuma akwai lalurar da hikima ce ka zaɓi amini guda a makaranta ka gaya masa. Mai farfaɗiya ya sanar da shi cewa in ta tashi a kwantar da shi a gefe ɗaya, a kawar da abin da zai ji masa rauni, kada a cusa masa cokali a baki. Mai ciwon suga ya sanar da shi alamar faɗuwar suga da abin da za a ba shi. Amma zaɓin naka ne, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda aka zaɓa kuma ya san an ɗora masa amana.

Ran da ɗan'uwanmu ya dawo, "barka da samun lafiya" ta wadatar. A nuna masa inda aka tsaya a manhaja, a miƙa masa rajistarsa, a bar shi ya shiga ajinsa da mutuncinsa. In ya so ya yi bayani a saurare shi, in bai so ba kada a ja masa baki.

A ƙarshe ina roƙon reshe ya amince da abu uku a matsayin ƙa'idarmu: takardar jinya ta tafi hannun shugaba kaɗai, a rufe, kada a sa hoto ko bayanin ciwon kowa a zauren waya sai da yardarsa, kuma duk wanda aka tona masa asiri, ko aka matsa masa ya faɗi ciwonsa kafin a ba shi hutu, ya sanar da wakilin ƙungiya na makarantarsa ko ofishin reshe, za a bi masa kadi ba tare da an sake yaɗa maganar ba.

Kullum muna roƙon Allah ya rufa mana asiri. Mu zama masu rufa wa junanmu. Allah ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti sauƙi, ya ƙara wa ƙungiyarmu haɗin kai.