Rufin Ɗaki da Guzurin Tsufa: Jawabi ga Malaman Gaya da Ajingi

 

Abin da za mu tattauna a yau tambaya ce da ke sallama a ƙofar kowane malami idan shekarun aikinsa suka ja: ga gida yana neman gyara, ga ranar ajiye alli tana matsowa, to wanne za a fara? Amsarmu a taƙaice ita ce, gyaran larura a yi shi tun albashi yana shigowa, kada a jingina shi da garatuti.

Mu fara da sanin inda muka tsaya. Tun daga shekarar 2006 Jihar Kano take bin tsarin fansho na karo-karo, inda ake cire kashi 8 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, gwamnati kuma ta zuba nata kason a Asusun Amintattun Fansho. Wannan kuɗi ba asusun ajiya ba ne da mutum zai je ya ciro idan katangarsa ta faɗi. Wasu sun ji labarin cewa a shekarar 2022 hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta ba da damar ɗaukar kashi 25 cikin ɗari na ajiyar fansho domin mallakar gida. Gaskiya ne, amma damar ta masu asusun kansu ce a tsarin tarayya, kuma an yi ta ne domin kafin alƙalamin rancen sayen gida. Ba ta shafi sauya kwano ko gyaran zaure ba.

Na biyu, garatuti yakan yi nawa. A shekarar 2023 bashin garatuti da haƙƙin mamata da ya taru a jihar nan ya haura naira biliyan 48, kuma kashi-kashi aka shiga biyansa. Duk wanda ya ce wa magini ya dakata sai garatuti ya fito, ya sani damina ba ta jiran takarda. Haka ma kasuwa. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024, kuma dukkanmu shaida ne kan yadda kuɗin siminti da kwano da katako suka tashi. Kuɗin da aka ƙayyade wa mutum ranar ritayarsa suna nan yadda suke, alhali buhun siminti yana ta gaba.

Saboda haka wajibi ne mu raba gyara gida biyu. Akwai na larura: rufin da ke yoyo, azarar da gara ta cinye, gindin katangar da ruwa ya zaizaye, masan da ya kusa ruftawa, da magudanar da ta toshe. Masu gidajen ƙasa a ƙauyukanmu sun san cewa yaɓen da aka ƙi yi da rani, gini ake sakewa bayan ruwan Agusta, kuma ambaliyar 2022 ta nuna wa Kano da Jigawa cewa wani lokaci rai ake biya. Akwai kuma na ƙawa: tayil, silin na zamani, ƙofar ƙarfe mai ado, da fentin da za a burge baƙin biki. Na farko kare dukiya ne da lafiya. Na biyu zai iya jira, kuma idan bai samu ba har abada babu wanda zai kwana a waje.

Ta yaya za a biya na larurar? Da adashi da ƙungiyar gama kai, kashi-kashi. Misali, malamai goma da ke zuba naira 20,000 kowane wata, kowannensu zai kwashi naira 200,000 sau ɗaya cikin wata goma. Idan aka tsara kwasar ta faɗo tsakanin kaka da bazara, a sayi kaya nan take, bana a yi rufi, baɗi a ɗaure gindin katanga. Mu guji rancen da zai haɗiye rabin albashi, balle wanda za a ci da sunan garatutin da ba a gani ba.

Akwai wani abu da muke jin nauyin faɗa, amma dole a faɗe shi. Da yawanmu a gidan gado muke zaune, wanda ba a raba ba. Kafin a zuba gumin shekara talatin a irin wannan gida, a zauna da magada, a rubuta, a sa shaidu. 'Yan'uwanmu malamai mata da ke gyara gidan aurensu da albashinsu, su ma a fayyace ko kyauta ce ko rance. Tun ran gini ran zane.

Idan Allah Ya sa garatuti ya fito, a bar shi ya yi aikin da ya dace da shi: gona, ko kiwon da za a kai kasuwar Wudil, ko 'yar sana'ar da za ta tallafi fansho, da wani abu a gefe domin magani. Gida mai tayil ba ya sayen hatsi, kuma tsufa ba ya zuwa shi kaɗai.

Muna roƙon shugabannin reshe su duba yiwuwar kafa adashin gyaran gida kafin damina mai zuwa, su kuma ci gaba da bibiyar haƙƙin iyayenmu da ke jiran nasu. Allah Ya rufa mana asiri, Ya sa mu gama aiki lafiya.