Jawabi Ga Mutanen Rurum: Wutar Lantarki Daga Ruwa Da Rana

Yau maganarmu a kan wutar lantarki take: daga ina ake samo ta, kuma wace hanya ce ta fi kusa da mu.

Wutar lantarki ba ta zuwa haka kawai. Mafi yawanci sai an juya wani babban inji, shi kuma ya haifar da wuta. Wasu ƙasashe suna ƙona kwal, wato gawayin da ake haƙowa daga ƙasa. Wasu suna amfani da nukiliya, wadda ake samu daga wani ma'adini mai suna yuraniyom. Maƙwabtanmu na Nijar suna haƙo shi a Arlit. Kwal yana da hayaƙi mai cutar da huhu, yana kuma ƙara zafin duniya. Ita kuwa nukiliya ba ta hayaƙi, amma dattinta guba ne da ke daɗewa shekaru dubbai.

Ku ji labarin ƙasar Jamus. A da, kwal da nukiliya ne ƙashin bayan wutarsu. A shekarar 2000 suka yi doka: duk wanda ya samar da wuta daga rana ko iska, za a saya daga gare shi da farashi mai kyau. Nan da nan manoma suka shimfiɗa faifan sola a kan rufin rumbuna da garken shanu. Mutanen ƙauye suka haɗa kuɗi, suka kafa manyan fankoki masu kama iska. A 2011 girgizar ƙasa da ambaliyar teku suka lalata tashar nukiliya ta Fukushima a Japan, aka kwashe mutane fiye da 100,000 daga gidajensu. Ganin haka, Jamus ta ƙara azama. A watan Afrilu na 2023 ta rufe tashoshinta uku na ƙarshe. A wannan shekarar, fiye da rabin wutar da ƙasar ta sha daga iska da rana da ruwa da makamantansu ta fito. Kwal kuma sun yi doka za su bar shi kafin ƙarshen 2038.

Kada ku ɗauka abin ya zo da sauƙi. Kuɗin wuta ya yi tsada a can. Rana ba ta fitowa da dare, iska ma wani lokaci takan kwanta. Shi ya sa har yanzu suna ƙona kwal da gas don cike giɓi.

To, mu fa? Mu dawo gida. Ga madatsar ruwa ta Tiga nan kusa da mu. An gina ta daga 1971 zuwa 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Ruwanta ne ke shayar da gonakin Kadawa da Kura. A zamanin Gwamna Kwankwaso aka fara aikin sa mata injin wuta mai ƙarfin megawat 10, Gwamna Ganduje ya ci gaba da shi. Ruwa ne zai gangaro da ƙarfi, ya juya farfela, sannan ya wuce gona abinsa. Ba a ƙona komai, ruwan kuma bai ragu ba. A Kumbotso ma an buɗe tashar hasken rana mai megawat 10 a watan Janairun 2023.

Amma ku lura. An tsara wutar Tiga ne don turo ruwan famfo daga Tamburawa da haska titunan birnin Kano. Saboda haka, hanyar da ta fi kusa da mai ƙauye ita ce rana. Rana kuwa Allah ya ba mu ita fiye da yadda ya ba Jamus. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowane mai noman rani ya san abin da injin ban ruwa yake ci. Injin sola yana da tsada ranar saye, amma bayan nan ba ya shan fetur ko ɗigo. Farashin faifan ma ya faɗi ƙwarai a duniya tun daga 2010.

Ga shawara. Wanda ba zai iya saye shi kaɗai ba, ku haɗu ku biyar ko goma, ku yi adashi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku nemi mai gyara da ya san aikin kafin ku biya kuɗi, don akwai jabu a kasuwa. Ku riƙa goge ƙura daga faifan, musamman da hunturu, domin ƙura tana rage ƙarfinsa. Batir ya mutu, kada a jefar da shi inda yara da dabbobi suke, yana da guba.

Sannan mu kula da Tiga. In aka sare itatuwa, aka yi noma har bakin ruwa, damina za ta kwashi ƙasa ta zuba cikin madatsar. Yashi ya cika ta, ba ruwan noma, ba wuta, ba kifi. Mu dasa itatuwa a gefenta.

Allah ya ba mu ikon amfani da abin da muka ji.