Masu Aikin Sa-kai da Amanar Duwatsu: Jawabin Taron Wata

Ya ku 'yan'uwa, maganarmu ta yau a kan dutse take, abin da da yawanmu ba mu ɗauka yana bukatar mai tsaro ba.

A garin Dudley, kusa da Birmingham a ƙasar Ingila, akwai wani tudu da ake kira Wren's Nest. Masana ilmin duwatsu sun ƙiyasta cewa sama da shekara miliyan 420 da suka wuce wurin teku ne mara zurfi, shi ya sa har yau ake ganin murjani da kwanson halittun ruwa daskare a jikin dutsen, nau'i ɗaruruwa. An daɗe ana fasa shi domin samun farar ƙasa da narka ƙarfe, kafin a 1956 hukuma ta keɓe shi ta hana taɓawa.

To amma, ya 'yan'uwa, doka a takarda ba ta sare ƙaya. Idan an bar fuskar dutse 'yan shekaru kaɗan, sarƙaƙiya da ƙananan itatuwa sukan rufe ta, saiwa ta tsattsaga ta, har ɗalibi ya zo bai ga komai ba. A nan ne masu sa-kai suke shigowa. Ƙungiyar Black Country Geological Society, wadda aka kafa a 1975, mambobinta sukan fita ranar hutunsu da zarto da almakashin itace, su share irin waɗannan wurare na yankin, ba albashi, ba lambar yabo. Baɗi ciyawa ta dawo, su ma su dawo. Haƙiƙa wannan maimaitawar ita ce ta fi ba mu mamaki, domin mu mun saba da aikin gayya na yini guda, a ci a watse. A 2020 hukumar UNESCO ta sanya yankin cikin jerin wuraren tarihin ƙasa na duniya.

Kuma akwai ladabi ga maziyarci: ya tsinci abin da ya faɗo ƙasa da kansa, amma an hana shi sa guduma a jikin dutsen.

Mu fa? Muna gani ana farfasa duwatsun bayan garuruwanmu ana lodin tsakuwa a tifa, ba wanda ya tambaya ko akwai abin karatu a cikinsu. Ba mu ce a daina gini ba. Muna roƙon malaman makarantu da ke cikinmu su kai ɗalibansu dutsen da ya fi kusa da su, su rubuta sunansa da abin da suka gani, su kawo mana a zama mai zuwa, in Allah Ya yarda.