'Yarki Ta Gama Aji Uku, Ina Ta Dosa?

Gaisuwa ta musamman ga 'yan'uwana mata na Jibiya da Magama, har da na ƙetaren iyaka, Ɗan Isa da Maraɗi, masu kama mu a akwatin rediyo.

Yau tambaya na zo da ita. Uwargida, 'yarki da ta gama aji uku na ƙaramar sakandare, kin san ɓangaren da aka sa ta? Da yawanmu sai mu ce, "Ai tana boko." To, boko ba ɗaya ba ne. Da ta shiga babbar sakandare, raba su ake yi: kimiyya, kasuwanci, ko adabi da zamantakewa. Shekara uku za ta yi da 'yan ajin nan, malamansu su san ta, su san inda take da rauni. Wadda ba ta yi darussan kimiyya ba, makarantar ungozoma ta Malumfashi ko ta kiwon lafiya ta Kankiya ba za su ɗauke ta ba. Mu ne kuwa masu kukan rashin mace a ɗakin haihuwa.

Sannan akwai darasin sana'a. Tun 2011 aka shigar da sana'o'i 34 cikin manhajar babbar sakandare. A 2025 gwamnatin tarayya ta taƙaita su zuwa shida: ɗinki, kwalliya, kiwo, noman lambu, haɗa wutar sola, da gyaran waya da kwamfuta. Ku duba fa, ɗinki da kwalliya da kiwo, duk a tsakar gida ake yin su, ba sai an fita ba.

Mutanen Jibiya kun fi ni sanin dalilin wannan magana. An rufe iyaka a 2019, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar. Gidajen da abincinsu ke rataye da shige da ficen kaya sun ji jiki, tallan yara ma ya mutu. Amma mai keken ɗinki ba ta rasa na cefane ba, don ko iyaka a rufe take ana suna, ana biki, ana Salla.

To me za ki yi daga ɗaki? Ki zaunar da yarinya ki tambaye ta abin da take so, da darasin da ta fi ganewa. Ki lallaɓa maigida ya je makarantar da kansa ya ji wace sana'a ake koyarwa, kuma akwai kayan aiki ko a allo kawai ake yi. In akwai 'yan ajinsu a unguwa, su huɗu ko biyar, ki shimfiɗa musu tabarma bayan La'asar su yi bita tare, ki ɗauke mata wanke-wanken wannan lokacin.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya shirya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.